Yadda Za Ka Taimaki Karenka Ko Mussarka Kafin Ku Isa Wurin Likitan Dabbobi

A Tahoua, in aka ce likitan dabbobi, shanu da tumaki da raƙuma ne ke faɗo wa mutum a rai. Karen da ke gadin gida ko bin garke, da mussar da ke hana ɓeraye sakat a shago da rumbu, ba a tuna lafiyarsu sai rana ta ɓaci, kuma sau da yawa da tsakar dare take ɓaci. A wannan lokacin aikinka uku ne: ka kare kanka, ka hana abin ƙaruwa, ka kai dabbar hannun wanda ya san aikin. Warkarwa ba taka ba ce. Dabbobi da yawa abin da aka ɗura musu a gida da kyakkyawar niyya ne ke ƙarasa su.

Mataki na farko: shiri tun lafiya lau

Ka je ofishin ma'aikatar kiwo ko shagon sayar da maganin dabbobi, ka tambayi wane likita ne ke duba karnuka da kyanwoyi, don ba kowane ne ya saba da su ba. Ka ajiye lambarsa a waya, ka ba maiɗakinka da babban yaron gida. Ka samu leda ɗaya ka tara bandeji, auduga, Betadine, sabulu, sirinji marar allura, safar hannu, tsohon zane da ma'aunin zafin jiki na dabbar ita kaɗai. Ka san nauyinta ko da a ƙiyasce, domin da kilo ake auna magani.

Mataki na biyu: kare hannunka kafin ka taɓa

Kare mai ciwo ba ya gane ubangidansa. Ka kori yara, ka matso a hankali kana kiran sunansa. Ka yagi tsiri daga zane, ka naɗe masa baki sau biyu, ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, sannan ka zagaya ka ɗaure a bayan kunnuwa. Amma in yana amai, ko haki, ko numfashi na yi masa wuya, kada ka ɗaure bakin. Mussa kuwa a lulluɓe ta da zane a naɗe, kai kawai a waje. Ga wanda ke ƙyamar taɓa kare don tsarki: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Safar hannun don lafiya ce.

Akwai lokacin da ba a taɓawa sam. In kare ya sauya hali haka kawai, yana dalalar da miyau, muryarsa ta dushe, yana cizon itace da duwatsu, ko haɓarsa ta saki kamar ƙashi ya maƙale masa, ka ɗauka ciwon hauka ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Mutane kan jefa kansu cikin haɗarin kamuwa ta hanyar zura hannu neman ƙashin da babu shi. A rufe shi a ɗaki a kira ma'aikatan kiwo. Mussa ma tana ɗauka.

Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15 cur, a duba agogo, a shafa Betadine, a tafi gidan likita a ranar a fara allura. Ba a ƙona gashin karen a shafa, ba a jiran a ga alama, domin da zarar alama ta fito a jikin mutum kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma yara na da yawa a ciki. Kada a yi saurin kashe karen: a tsare shi kwana 10 zuwa 15 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. In har an kashe shi, kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ake aunawa a ɗakin bincike irin LABOCEL na Yamai.

Mataki na uku: duba ta cikin minti ɗaya

Ɗaga leɓe ka kalli dasashi. Mai lafiya ja-ja ne, da damshi. Danna da yatsa ka saki: launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat yana nuna jini ya ragu, shuɗi-shuɗi yana nuna iska ba ta isa, rawaya kuma hanta ko fashewar ƙwayoyin jini. Ja fatar kafaɗa ka saki; in ta tsaya a tattare, ruwan jiki ya ƙare. Ƙirga numfashi: kare a kwance yana yin 10 zuwa 30 a minti. Mussa ba ta haki irin na kare, saboda haka duk mussar da ta buɗe baki tana neman iska, a tafi da ita nan take. Zafin jikinsu na lafiya daga digiri 38 ne zuwa 39 da ɗan kai, ta dubura ake aunawa. Ya fi na mutum, kada ka ga 38 ka ce zazzaɓi.

Mataki na huɗu: abin yi gwargwadon abin da ya faru

Zafin bazara. A watan Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana wuce digiri 40 kusan kullum. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, kuma in iskar kanta ta yi zafi hakin ba ya wadatarwa. Wanda aka ɗaure a gindin bango inuwa ta kauce masa da azahar, ko aka saka a ɗakin kwano, shi ne kan gaba. Karnukan waje masu gashi da gajerun hanci sun fi na gida saurin faɗuwa. Za ka ga harshe ya fito ja wur, miyau na kauri, yana tangaɗi, zafin jiki ya kai 41. A nan sanyayawa ce farko, tafiya ta biyo baya. Ka kai shi inuwa, ka yi ta kwara masa ruwan randa a ciki, hammata, cinyoyi da wuya, wani na fifita ko a kunna fanka. Kada ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana tsare zafin. In yana iya sha ka ba shi kaɗan-kaɗan, amma ba ɗura ba. Da ma'auni ya sauko 39 da rabi ka dakata. Ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya a kai shi, domin ƙoda da hanji na iya nuna lahani washegari.

Guba. Nan ne aka fi yin ɓarna. Da an ce kare ya ci guba sai wani ya kawo madara, wani mai, wani ruwan gishiri. Madara ba ta karya guba. Mai yana iya sauka huhu. Gishiri mai yawa shi kansa kisa yake. Gawayin murhu kuma ba shi ne gawayin magani da likita ke bayarwa ba. Abin da ke da amfani shi ne ka nemo kwalin ko kwalbar abin da ya ci, ka tuna lokacin, ka kira likita. In ba a wuce awa biyu ba yana iya sa shi amai ta hanyar da ta dace. In fetur ne, ko kananzir, ko ruwan batir, ko jabel, ba a sa amai ko kaɗan.

Maganin ɓera mai tsinka jini mayaudari ne. Dabba za ta ci, ta yi kwana 3 zuwa 5 garau, sannan kasala, dasashi fari, jini a hanci ko a kashi. Maganinsa bitamin K1 ne na tsawon makonni, kuma da wuri ya fi aiki. Mussar da ke cin ɓerayen da guba ta kashe ita ma tana cikin haɗari. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya da na feshin gona shi kuma ba ya jira: miyau, amai, zawo, karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. In a jiki ya zuba, sa safa ko leda a hannu ka wanke shi da sabulu, ku kama hanya. Allurar atropine ce ke ceto, tana wurin likita.

Sai gubar da muke miƙawa da hannunmu. Paracetamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe mussa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibuprofen da diclofenac suna cinye ciki da ƙodar kare. Maganin kaska na shanu, in aka haɗa da awon shanu, yana kayar da kare, kuma duk mai permethrin guba ne ga mussa. Albasa ma, mu da Galmi ke yankinmu ba ma raba tukunya da ita, ɗanya ko dafaffiya tana fasa jajayen ƙwayoyin jininsu. Gram 5 a kowane kilo na nauyin mussa ya isa ya yi lahani, alamar kuma sai bayan kwanaki: kasala da fitsari ja-baƙi. Sauran miya mai albasa da tafarnuwa kullum-kullum ba abincinsu ba ne. Goro, kofi, cakulan da busasshen inabi su ma a kawar.

Moto ko mota ta buge. Ka ninka tsumma mai tsabta ka danna kan raunin minti 5 zuwa 10 ba ɗagawa. In ya jiƙe, ƙara wani a kai. Ba a zuba ƙasa, toka, taba ko baƙin mai. Kada ka miƙe karyayyar ƙafa. A zame shi bisa katako ko bargo mutum biyu su ɗauka. Wanda ya tashi da ƙafarsa ma a duba dasashinsa duk bayan ɗan lokaci, jini na iya zuba a ciki.

Maciji da kunama. Kare da hanci yake bincike, shi ya sa kububuwa da kasa suka fi sarar fuska da ƙafar gaba. Cire masa abin wuya kafin kumburi, ka ɗauke shi, kada ya yi tafiya. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da roba. In gamsheƙa ce ta tofa masa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kamar minti 15. Harbin kunama yawanci zafi ne da ɗingishi, amma ɗan kwikwiyo ko mussa da ke karkarwa da miyau sai likita.

Kwikwiyo mai amai da zawon jini mai ɗoyi. Sau da yawa parvo ne, wata cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma rashin ruwa ne ke kashewa cikin kwana biyu ko uku. A ware shi, a kai shi ƙarin ruwa. In ba ya amai ana iya ɗiga masa ruwan gishiri da sukari na yara ta gefen baki da sirinji. Ƙwayar cutar tana watanni a ƙasa. A wanke wurin da jabel, awo 1 cikin ruwa awo 30.

Bayan sallar layya. Ƙashin gasasshen rago yana tsagewa ya soke hanji ko ya toshe shi, kitse mai yawa kuma yana kumbura wata gaɓa a ciki da ke taimaka wa narkar da abinci (pancreas), sai amai da ciwon ciki. In ƙashi ya gitta a rufin baki, kana ganinsa, kuma ka tabbata karen na da rigakafin hauka, ana iya cirewa da filaya. In igiya ko zare na leƙowa ta dubura kada ka ja. Karnuka masu zurfin ƙirji, irin karen Azawak na makiyayan arewacinmu, cikinsu na iya kumbura ya murɗe bayan cin abinci mai yawa: yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, ciki ya yi tauri kamar ganga. Wannan awoyi kaɗan ne, tiyata yake so.

Muzurun da ke ta tsugunno yana kuka, fitsari ba ya fita ko sai ɗigo da jini, ba taurin bayan gida ba ne. Mafitsara ce ta toshe, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya mutu. Kada ka matsa cikin.

Mataki na biyar: kira da tafiya

Ka kira kafin ku fita, don ya shirya ko ya tura ka inda kayan aiki suke. A taƙaice ake magana: "Likita, barka da dare, a gafarce ni. Karena ne, shekara biyu, zai kai kilo 20. Ya ci maganin ɓera bayan isha'i, kwalin na hannuna. Dasashinsa ja ne, bai yi amai ba." In kana da WhatsApp ka tura hoton kwalin da ɗan bidiyon yadda yake numfashi. In ka riga ka ba shi wani abu, faɗi gaskiya, maganin da za a zaɓa ya dogara da hakan. Kada ka ba shi abinci, wataƙila a sa shi barci.

Mussa a kwali mai huda ake ɗaukarta, a ɗaure da igiya, ba a buhu ko a hannu ba. Ƙarar moto ɗaya ta isa ta tsere. Kare a adaidaita ko mota, a kwance ta gefe, wani na riƙe da shi. In dole sai moto, mutum biyu: mai tuƙi da mai runguma. Ba a saka shi a but da rana.

Tun da kun je, ka nemi a buɗe masa katin rigakafi. Allurar parvo da sauran cututtukan kwikwiyo ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai wata huɗu. Ta hauka a wata uku, kare da mussa duka, a sabunta yadda likita ya rubuta, galibi duk shekara. Ka tambayi maganin tsutsar ciki da na kaska wanda ya dace da nauyinsa, musamman gab da damina, domin kaska na jawo zazzaɓin da ke shanye jini. Ka sa a rubuta ranar komawa a jikin katin, ka ajiye shi cikin ledar nan ta bandeji.