Darasi na 7: Kwanon Kaka, Tukunyar Makaranta

Hantsi ya yi. Malam yana rubutu a allo, yaran aji biyu suna ta leƙen ƙofa. Wata yarinya ta kifa kai a kan benci. Malam ya taɓa goshinta, bai ji zafi ba. Ashe tun tuwon daren jiya ba ta sa komai a baki ba. Da aka tashi tara ta tafi gida, ba ta dawo ba.

Kowa a cikinmu ya san irin wannan yarinya. Wataƙila ma a gidanmu take.

A shekarar 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara ciyar da ’yan firamare na aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana. Dabarar ita ce a sayi abinci wurin manoman yankin, matan garin su dafa. Ƙasar Brazil ma ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a wurin ƙananan manoma za a kashe shi. Ƙungiyar Tarayyar Afirka kuma ta ware 1 ga Maris don ranar ciyar da ’yan makaranta, aka fara bikin a Yamai a 2016. Dabara ce mai kyau. Sai dai shirin namu ya sha tsayawa, kuma naira 70 yau ko ƙwai ɗaya ba ta saya. Cikin yaro kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi. Don haka darasin yau a kan abin da gari zai iya yi da hannunsa ne.

Mu yi lissafi

A ce makarantarmu tana da yara 120. A ce kwano ɗaya na gero yana isar yara 15. Kullum ana bukatar kwano 8 ke nan. Kwana biyar, kwano 40. A kasuwar da buhu ke cin kwano 40, buhu ɗaya ne a mako. Idan zango mako 13 ne, buhu 13. Zango uku, buhu 39.

Da jin buhu 39 sai gaba ya faɗi. To, a raba. Idan garin yana da magidanta 200, kowa ya kawo kwano 8, an tara kwano 1,600, wato buhu 40. Mai ƙarfi ya ƙara, marar ƙarfi ya kawo itace ko ya ɗebo ruwa. Kada a kori ɗan kowa daga layin abinci don ubansa bai kawo ba.

Yaushe za a tara?

Da kaka. Nan ne gizo ke saƙar. Zango na uku yana faɗowa daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, magidanci yana auna tsaba da tafin hannu. Wanda ya ƙi ba ka kwano 8 a watan Yuli ba rowa ya yi ba, babu ne. Amma a watan Nuwamba, a bakin masussuka, zai cika maka kwano har da gyara. Saboda haka kwamitin makaranta ya zauna da mai unguwa da liman tun kafin a yanke gero, a sa rana.

Gero kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da wake da gyaɗa. Idan mai gari ya ba da fili, a yi gayya a noma su. Manya ne za su yi noman. Yara karatu aka turo su.

Ajiya

Abin da aka tara da kaka sai ya kai damina lafiya. A shanya hatsi ya bushe ƙayau kafin a ɗura. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake shi ne mai wuyar sha’ani, ƙwari ba sa raga masa. A nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin za su mutu don rashin iska. Kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a abincin yara, guba ne. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar da ita, don tana lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe dafin.

Tukunya

Kunun gyaɗa yau, gobe dambu da zogale, jibi fate da yakuwa, gata ɗanwake. A sa manja da gishiri mai sinadarin aidin. Ganye a ƙarshe ake zuba shi, kada ya dahu ya mutu. Zogale da kabewa da dankali mai jan ciki za su yi a ɗan lambu kusa da famfo, in dai an yi shinge. Akuya ba ta san kayan makaranta ba. Mai dafawa ta wanke hannu da sabulu, yara ma haka kafin su ci.

Littafin sito

Yawancin irin wannan aiki zargi ne ke kashe shi. Wata rana mai dafawa za ta ce, “Malam, geron ya ƙare.” Hedimasta ya ce, “Haba Iya, ba shekaranjiya aka buɗe buhu ba?” Daga nan sai magana ta kai dandali.

Maganin abin shi ne kwaɗo biyu a ƙofar sito, mukulli ɗaya wurin hedimasta, ɗaya wurin shugabar mata. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta, kamar haka:

Litinin. Gero, kwano 8 ya fita. Saura kwano 32. Sa hannu.

Ran Juma’a bayan an sauko, a karanta wa jama’a littafin. Ku da kuke ɗaukar wannan darasi, ku ne za ku riƙe shi.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: kwano, buhu, rumbu, sito, saura.
2. Yara 90 ne a wata makaranta. Kwano nawa za su ci a rana? Nawa a mako?
3. Ka je makarantar garinku, ko ki je, a tambayo yawan yaran aji ɗaya zuwa uku. A zo da adadin a rubuce ranar darasi na gaba.