Karɓar tallafin kamfanin magani a taron ƙarin ilimin likitoci a Legas

Hayar zaure a Ikeja ko Victoria Island akwai tsada, shi ya sa ake neman kamfani. Amma a fara tabbatar da cewa MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, ta amince da cibiyar da ke shirya taron, in ba haka ba makin da likitoci ke samu don halartar taron ba zai ƙirgu wajen sabunta lasisi ba.

Kuɗin ya shiga asusun cibiyar bisa rubutacciyar yarjejeniya, kada ya bi ta hannun mai lacca. Kwamitin likitoci ne zai zaɓi maudu'i da masu jawabi. Nan ake yawan tuntuɓe, domin wakilin kamfani kan zo da laccarsa a shirye. A ƙi karɓa. A kira magani da sunansa na kimiyya, teburin talla kuma ya tsaya a wajen zaure.