Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jirgin Ƙasa Ba Tare da An Taka Diga ko An Kwana a Caji Ofis Ba

Akwai mutanen da jirgin ƙasa ne abin sha'awarsu, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. A Ingila da Amurka da Japan sai ka tarar da dattijo da furfurarsa ya share rabin yini a kan gada, kyamara a wuya, ɗan littafi a aljihu, yana jiran wani inji guda ya wuce ya ɗauke shi ya rubuta lambarsa. Mu a nan tamu sha'awar ta fi karkata ga hoton kafin biki: ango da amarya a tsakiyar layin dogo, ƙarafa biyu sun miƙe a bayansu har sun haɗe can nesa. Hoton yana da kyau, ban musa ba. Wurin da aka tsaya aka ɗauke shi ne matsalar. Ga yadda za ka samu hoton da ya fi shi, kana tsaye inda ba wanda zai ce maka don me.

Mataki na 1: San inda filin jirgi ya fara

Digar kanta, da tsakuwar da ke ƙarƙashinta, da filin da ke gefe da gefenta, da gadoji, da wurin ajiye taragai da na gyaran injuna, duk mallakar hukumar jirgi ne. A Najeriya Hukumar Jiragen Ƙasa ce, wadda aka kafa a 1955. A Amurka yawancin layukan na kamfanoni ne masu zaman kansu irin su Union Pacific da BNSF, kuma hawa kansu kamar shiga gidan mutum ne ba sallama. A Birtaniya tarar hawa layi tana iya kaiwa fam 1,000.

Na san abin da za ka ce. A Kano da Zariya da Kaduna tsohon layi ya zama hanyar ƙafa, wasu ma sun baza tumatir da gwanjo a kansa. Haka ne, amma rashin shinge bai zama izini ba, kuma tsatsa a kan ƙarfe ba ta nuna cewa an daina bin sa. Layin da ya yi wata uku shiru yana iya samun jirgin kaya ranar da ka kai amarya. Inda ake gina sabon layi, kamar na Kano zuwa Maraɗi, shi ma filin aiki ne mai masu gadi.

Mataki na 2: Zaɓi wurin tsayuwa tun kafin ranar

Je ka duba wurin kwana ɗaya ko biyu kafin nan, hannu rabbana, ba kyamara. Abin da kake nema shi ne gadar sama ta masu tafiya a ƙasa, ko bakin titin mota da ya bi gefen layi, ko wani tudu, ko gonar wani idan ka gaishe shi ya yarda. Daga sama ma hoton ya fi fitowa, domin kana ganin jirgin tun daga kai har wutsiya.

Nisa nawa? Ƙungiyar Operation Lifesaver ta Amurka, wadda tun 1972 take wayar da kan mutane a kan haɗarin layin dogo, tana cewa a ja da baya aƙalla ƙafa 15, kusan mita biyar ke nan. Dalili shi ne jirgi ya fi digarsa faɗi, jikinsa yana leƙowa wajen ƙafa uku ta kowane ɓangare, ga igiya ko waya da kan kwance daga tarago tana reto. Jirgin kaya mai gudun kilomita 88 a awa kuwa yana bukatar fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Direba ya gan ka sarai, ya danna oda, ya taka burki, iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Ba shi da sitiyarin kaucewa.

Wanda ya saba da tsohon jirgin Legas zuwa Kano, mai tafiyar hawainiya a kan siririn layi na milimita 1,067, ya kamata ya sake lissafi a sabon layi mai faɗin 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙararsa ba ta riga shi isowa yadda mutane ke zato. Kyamara ma maƙaryaciya ce a nan: idan ka jawo hoto, ido ba ya iya auna tazarar da ta rage. Inda layi biyu ne, jirgin da kake kallo yakan rufe maka gani da jin wanda ke tahowa ta bayanka.

Gadar jirgi kuwa kada ma ka kusance ta. A watan Fabrairun 2014 wasu masu shirya fim a jihar Jojiya ta Amurka sun hau gadar jirgi a kan kogin Altamaha ba da izini ba, har da gado suka shimfiɗa a kan digar. Jirgin kaya ya iso, wata mai taimaka wa mai kyamara ta rasu, wasu suka jikkata, daraktan kuma ya tafi gidan yari. A kan gada babu gefen da za ka tsallaka. Idan kuma a Legas kake, jirgin cikin gari na Blue Line da ya fara aiki a 2023 da lantarki yake tafiya, kuma wutar tana cikin wani ƙarfe na uku da ke kwance a gefen digar.

Mataki na 3: A tasha, fara da gaisuwa

Wannan ne matakin da samari suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi sauƙi. Kafin ka zaro kyamara, nemi shugaban tasha ko babban jami'in tsaron wurin. Gaishe shi, faɗi sunanka, nuna katin shaida, ka ce kana son ɗaukar kan jirgi daga dandamali na minti goma. Ya ce to, tambaye shi inda za ka tsaya da abin da ba ya so ya fito. Ya ce a'a, yi godiya ka koma gadarka. Ko a Birtaniya, inda hukumar Network Rail mai kula da layukan dogo ke maraba da masu wannan sha'awa, abin da take nema ke nan: sanar da ma'aikata cewa ka zo. Hoton talla, ko fim, ko na biki da ayarin ƙawaye, wannan takarda yake bukata daga hukuma. Ƙaramin jirgi marar matuƙi kuma a Najeriya sai da lasisi.

Mataki na 4: Gama saiti kafin ka ji oda

Rana ta kasance a bayanka, hantsi ko la'asar sakaliya. Lokacin hunturu hazo kan dusashe launi, amma fitilar jirgi tana ɓullowa daga cikinsa gwanin kyau. Tsaya ta yadda za ka ga goshin injin da gefen taragai a tare. Saurin ɗauka 1/500 ko 1/1000 na daƙiƙa, a waya kuma yi amfani da ɗauka a jere. Kashe filasha, tana kashe wa direba ido. Kada ka ɗaga jan ƙyalle ko jar fitila kusa da layi, a wurinsa ja na nufin tsaya. Cire abin kunne. In da hali ka je da aboki wanda aikinsa kawai duba hagu da dama.

Mataki na 5: Idan ɗan sanda ya nufo ka

Zai zo, ko ba daɗe ko ba jima. Rundunar 'yan sandan Najeriya tana da reshe na musamman na reluwe, mai hedikwata a Ebute Metta da ke Legas, ga kuma 'yan sibil difens da ke farautar ɓarayin ƙarafan layi. Ka sa kanka a matsayinsa. Ana kwance kusoshi da ƙarafa ana sayar wa 'yan jari bola. A ranar 28 ga Maris 2022 an dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, aka kashe fasinjoji, aka sace gommai, jirgin bai koma aiki ba sai Disamba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Baƙon fuska da doguwar kyamara yana auna gada, dole a tambaye shi.

Ni ma na taɓa sha. Wata safiya ina tsaye a bayan shingen wata tasha, na ji an dafa kafaɗata.

"Malam, wa ya aiko ka?"

Na sauke kyamarar ta rataya a ƙirjina, hannuwana a fili. "Barka da aiki, Yallaɓai. Ba wanda ya aiko ni, injin nan nake ɗauka, sha'awa ce kawai."

"Sha'awa? Ta jirgi?"

Na kunna masa hotunan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa har ya kai wani da shingen bincike ya fito a kusurwa, da abokin aikinsa zaune bindiga a cinya. Ya ɗago ya dube ni. Ban jira ya yi magana ba na goge shi a gabansa. Ya rubuta sunana a wani littafi mai naɗaɗɗen bango, sannan ya ce jirgin da nake jira ya makara, in je in karya tukuna.

Abin da ya fisshe ni kaɗan ne: ban gudu ba, ban ɓoye kyamara ba, ban ɗaga murya ba, kuma ƙafata ba ta kan filinsu. Da a kan diga ya same ni, da ba ni da bakin magana. Idan an ce ka bar wurin, bar shi, ko kana ganin kai ke da gaskiya. Ƙorafi a ofis ake kai shi washegari, a rubuce. Kada ka miƙa na goro, yana iya mai da tambaya ta zama tuhuma. In abin ya kai ga kamu, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, da haƙƙin a sanar da kai dalilin kamun. Nemi a bar ka ka kira gida.

Su ma jami'an sukan yi kuskure. A Disambar 2008 'yan sandan Amtrak, kamfanin jirgin fasinja na Amurka, sun kama wani mutum a tashar Penn ta New York yana ɗaukar jirage, alhali gasar hoto ta kamfanin Amtrak ɗin yake shirin shiga. Mu ma masu kyamara muna da namu. A Fabrairun 2016, ranar da tsohon injin nan mai tururi, Flying Scotsman, ya dawo aiki daga Landan zuwa York, 'yan kallo sun tsallake shinge sun hau layi har sai da aka tsayar da jirage. Ɗan sandan da ya taɓa kwashe irin waɗannan daga kan diga ba zai yi wa na gaba fara'a ba.

Mataki na 6: Tace kafin ka ɗora

Kafin hoto ya hau Facebook ko Instagram, buɗe shi da kyau ka duba kusurwoyi. Yanke duk inda jami'in tsaro, ko shingen bincike, ko kyamarar tsaro ta fito. Fuskar fasinja, musamman matan mutane, sai da yardarsu. Kada ka rubuta cewa jirgi kaza yana wucewa ta daji kaza da ƙarfe kaza, kuma ka bari sai ya isa tasharsa kafin ka ɗora. Idan wani ya tambaye ka a ina ka tsaya, faɗa masa sunan gadar, da lokacin da rana ke komawa bayan mai ɗauka.