Kurakuran da aka fi yi idan fata ko farce ya sauya kama

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar shafa mai. Tabo ya fito yana ƙaiƙayi, sai a sayo man da ke ɗauke da clobetasol ko betamethasone. Cikin kwana uku ƙaiƙayin ya lafa, a zaci an dace. To idan makero ne, ƙarfi aka ƙara masa, domin waɗannan magunguna garkuwar fata suke dannewa, ba sa kashe ƙwayar cutar. Zoben nan da ake gane makero da shi ya ɓace, abin ya bazu, har likita ma ya sha wuyar gane shi. In aka daɗe ana shafawa, fata ta sirance, nankarwa ta fito. A tafi asibiti da kwalin man a hannu, a faɗi tsawon lokacin da aka yi ana shafa shi.

Sai baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata, mai kauri, mai laushi kamar karammiski. Ana ɗaukarsa dauɗa, a yi ta dirza da soso har wurin ya yi ciwo. Ba ya fita. Sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, musamman ga mai ƙiba. Abin yi shi ne gwajin sukari da safe bayan awa 8 ba a ci komai ba. In sakamakon ya nuna daga 100 zuwa 125 mg/dL, an kai gaɓar kamuwa da ciwon sukari. 126 ko sama, in aka maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne.

Ba kowane tabo mai haske ne ƙyasfi ba. Mutum ya rufe ido, a taɓa tabon da auduga, a taɓa lafiyayyar fatar gefensa. In bai ji a kan tabon ba, a bincika kuturta. Tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta cika dawowa ba, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Wasu kuma inda bai dace ba suke dubawa. Ga mai duhun fata, ƙarancin jini da ciwon shawara ba su cika nunawa a fuska ba. A hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba, a ja fatar ido ta ƙasa. Cikinta ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Farin idon ya koma rawaya, ga fitsari ya yi duhu, shawara ce, kuma sai an gano tushenta: hanta, toshewar hanyar matsarmama, ko fashewar ƙwayoyin jini.

A farce, abin da ba komai ba shi ke tayar wa mutane hankali. Fararen ɗigo yawanci ɗan bugu ne a gindin farce, ba rashin kalsiyam ba. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, don haka ramin da ya gitta farata duka a tsakiya yana nuna rashin lafiya mai tsanani da aka yi wata biyu ko uku baya.

Waɗanda ake rainawa su ne abin dubawa. Farcen da ya lotsa kamar cokali, har ɗigon ruwa ya zauna a ciki, yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe. A haɗa bayan faratan manuniya biyu: ya kamata a ga ɗan tsukin haske a gindinsu. In ya rufe, kan yatsu ya kumbura kamar makaɗi, a duba huhu da zuciya. Baƙin layi a tsaye kuwa ruwan dare ne ga masu duhun fata, amma wanda ya fito sabo a yatsa ɗaya, faɗinsa ya wuce milimita 3, yana faɗaɗa, ko baƙin ya tsallaka zuwa fatar gindin farce, kansar fata ake tsoro. Kada a rufe shi da jan farce. A ɗauki hotonsa kusa da rula, a kai wa likitan fata.