Yadda Ake Fita Da Ƙwallo Daga Gida Idan An Matsa Wa Gola Lamba

Gola ya ajiye ƙwallo zai buga, 'yan gaban abokan karawa uku sun jeru a bakin yadi na 18 suna jiran ya yi kuskure. 'Yan kallo na ihun ya doka ta gaba, 'yan bayansa na ɗaga hannu a ba su, shi kuma ya rasa ta wa zai ji. Duk kocin da ya taɓa tsayawa bakin fili ya san faɗuwar gaban da ake yi a wannan lokaci. Matsin yana da magani, kuma maganin daga lissafi yake farawa. Masu ƙwallo 11 ne har da golansu, masu matsawa kuwa 10 ne, tunda nasu golan yana can yana gadin ragarsa. Ko da kowannensu ya kama mutum ɗaya, gola ya rage ba mai tsaronsa, kuma da zarar wani ya taso masa, to ya saki wani. Aikin gaba ɗaya shi ne gano wanda aka saki da isar masa da ƙwallo.

Mataki na 1: ka san abin da doka ta ba ka

Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, shi ya sa dole ya iya taka leda. A 2019 aka sauya dokar bugun gola: ba sai ƙwallo ta fita daga yadi na 18 ba, 'yan bayanka za su iya karɓa a ciki, abokan karawa kuma dole su tsaya waje har sai an taɓa ta. Babu satar gida a bugun gola, abin da ƙananan ƙungiyoyi da yawa ke mantawa da shi. Sannan daga 2025, golan da ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8 ya jawo a ba abokan karawa bugun kwana. Idan ƙwallon tana ƙafarsa kuwa ba mai ƙirga masa lokaci, don haka wanda ba a taso masa ba ya ajiye ta ƙasa ya duba fili.

Mataki na 2: gola ya ƙirga kafin ya buga

Ido ba mudu ba, ya san kima. Ka koya wa golanka ya fara duban tsakiyar fili kafin ya dubi na kusa da shi. 'Yan baya nawa suka bari da 'yan gabanmu? Idan mutum huɗu suka bari a kan uku, to masu matsawa shida ne, mu kuma takwas ne har da gola. A nan fita da gajeren fasin ta halatta, domin mutum biyu muka fi su. Idan kuwa uku suka bari a kan uku, kowa da nasa, irin yadda Atalanta ta Gasperini ta riƙa yi har ta doke Liverpool 3-0 a Anfield a 2024, to fili yana can bayansu, sai a tafi Mataki na 5 kai tsaye.

Mataki na 3: tsayuwa

'Yan bayan tsakiya biyu su buɗe, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙaramin yadi, jikinsu a karkace yadda suna ganin gola suna kuma ganin fili. Na gefe su manne da layi. Ɗan tsakiya mai tare, wanda wasu ke kira lamba huɗu wasu lamba shida, ya tsaya a bayan 'yan gabansu, kada ya zo ya cushe gaban gola. 'Yan gaba kuma su yi nisa har layin tsakiya ko su wuce, don su ja 'yan bayansu, fili ya yi tsawo.

Idan da 'yan gaba biyu suke matsawa, ana iya sauko da ɗan tsakiyan tsakanin 'yan baya su zama uku, dabarar da ake jingina wa Ricardo La Volpe, kocin Meziko a Kofin Duniya na 2006. A ganina, idan golanka ya iya ƙafa, ba ka buƙatar haka. Shi ne na ukun, ɗan tsakiyan kuma ya zauna inda ya fi amfani.

Wata ƙaramar dabara: bari ɗan baya ya yi bugun golan, ya taɓa wa gola. Yanzu ƙwallo tana tsakiya, dama da hagu duk a buɗe, mai matsawa bai san ina za ta ba. Idan gola ne ya ba ɗan baya, tun bugun farko an zaɓi ɓangare, su kuma abin da suke so ke nan.

Mataki na 4: jawo su, sannan ka bi ta mutum na uku

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne yawancin ƙungiyoyi ke faɗa wa tarko. Lura da yadda ɗan gaba mai wayo ke tasowa. Ba ya zuwa a miƙe, lanƙwaso yake yi, ya tare hanyar ɗan baya ɗaya da jikinsa, ya bar ɗayan a buɗe da gangan. Gola ya ba na buɗen, shi kuma ya miƙa wa na gefe, wanda layi ke bayansa. Kafin ƙwallo ta isa, mutum uku sun rufe shi. Fasin ɗin da ya fi kama da mai sauƙi shi ne wanda suka ɗana.

Mafita ita ce wancan ɗan bayan da aka tare. Ba wanda ke tsaronsa, hanyar zuwa gare shi kawai aka toshe, don haka sai a zagaya. Gola ya buga wa ɗan tsakiya, ko da akwai mutum a bayansa, shi kuma ya taɓa ta sau ɗaya zuwa ga ɗan bayan. Yanzu ɗan bayan yana da ƙwallo, yana fuskantar gaba, ɗan gabansu kuma ya riga ya wuce. Wannan shi ake kira mutum na uku: na farko ya ba na biyu don ta isa ga na uku.

Abubuwa uku ne ke sa ta yi aiki. Na farko, haƙuri. Roberto De Zerbi, lokacin da yake Brighton daga 2022 zuwa 2024, ya sa 'yan bayansa su riƙa ɗora tafin ƙafa a kan ƙwallo su tsaya cak har sai an taso musu. Wanda ya saki ƙwallo tun mai matsawa yana nesa bai cire kowa daga wasa ba, mutumin zai juya kawai ya bi ta. A bari ya matso har ya kasa birki. Na biyu, lokacin saukowar ɗan tsakiya. Idan ya zo da wuri ya tsaya, mai makinsa zai manne masa har ya iya shiga gabansa. Ya fara yin kamar zai tafi gaba, sannan ya dawo da gudu daidai lokacin da gola ya ɗaga kai. Na uku, ƙarfin fasin. A buga ta a ƙasa da ƙarfi, zuwa ƙafar da ta fi nisa da mai makin. Fasin mai sanyi a wannan wuri kyauta ce ga abokan karawa, kuma ɗan tsakiyan da ya karɓa ya ce sai ya juya da ita a bakin yadinsa, shi ma ya ba da kyautar.

Ɗan bayan da ya samu ƙwallo kada ya yi saurin rabuwa da ita. Ya ja ta gaba har wani ya bar mutuminsa ya taso masa, sai wani kuma ya sake zama a sake.

Mataki na 5: doguwar ƙwallo mai adireshi

Wasu na ganin buga doguwa gazawa ce. Ban yarda ba. Gazawa ita ce dokawa sama ido rufe. A watan Agustan 2018, Huddersfield ta matso gaba, Ederson ya ɗaga bugun gola ya wuce da shi bayan 'yan bayansu, Sergio Aguero ya karɓa ya ci, Manchester City ta yi nasara 6-1. A Afrilun 2023 kuma da Arsenal ta matsa musu, John Stones ya ɗaga wa Erling Haaland, ya tare ta ya ajiye wa Kevin De Bruyne, ƙwallon farko ke nan a wasan da ya tashi 4-1. Duka ƙungiyar Guardiola ce, mutumin da aka fi sani da gajeren fasin.

Ka ware wanda za a nufa, ka kuma ware biyu da za su kewaye shi: ɗaya a ƙasansa don ƙwallon da za ta faɗo, ɗaya ya ruga bayansa. Sauran kuma su taso tare da ƙwallon, kada a bar rami a tsakiya. Akwai kuma matsakaiciya, wadda gola zai ɗaga ta saman kan ɗan gefensu ta sauka wa ɗan bayanka na gefe. Tana da amfani sosai idan 'yan gefensu suna shigowa ciki don matsa wa 'yan bayan tsakiya.

Mataki na 6: ka'idojin kare kai

Mai mayar wa gola ƙwallo ya ba shi a ƙafar da ya fi iyawa, kuma ya kauce wa saitin raga. Gola kada ya jefa ko ya gangara ƙwallo alhali ɗan gaba yana tsaye kusa da shi. Haka Karim Benzema na Real Madrid ya miƙa ƙafa ya tare jifar Loris Karius, golan Liverpool, ta shiga raga a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2018. Idan fili ya jiƙe har ƙwallo na tsayawa, ko yana da gargada, a rage wasa a cikin yadi.

Kuskure kuwa sai an yi shi, kuma yadda koci ya karɓe shi ne zai nuna ko tsarin zai ɗore. A Disambar 2011 Victor Valdes, golan Barcelona a lokacin, ya ba da ƙwallo a Bernabeu, filin Real Madrid, Benzema ya ci tun ba a cika minti ɗaya ba. Valdes ya ci gaba da fita da ƙwallo a ƙasa, Barcelona ta ci 3-1. Golan da kocinsa ya yi wa tsawa a gaban jama'a ba zai ƙara ɗaga kai ya ƙirga ba.

Mataki na 7: atisaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki rabin fili, ka sa gola da 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya uku, ka sa mutum shida su matsa musu. Ajiye ƙananan raga uku a layin tsakiya. Masu fita sun ci idan suka zura a ɗaya daga ciki, masu matsawa kuma idan suka ƙwace suna da daƙiƙa 10 su ci babbar raga. Idan abin ya fara zama, ƙara na bakwai ya zama kowa da nasa, ka ajiye ɗan gaba ɗaya da mai tsaronsa a bayan layin tsakiya, don gola ya saba zaɓa tsakanin gajere da doguwa.

Kada ka gaya wa gola mutum nawa za su taso. Ka riƙa sauya adadin a asirce tsakanin bugu da bugu, wani lokaci biyar, wani lokaci bakwai, kuma kafin ya taɓa ƙwallo ya faɗi adadin da ƙarfi kowa ya ji.