Yadda kurtun sojan Ingila zai kai gobe a ramin yaƙi, 1916

A ce kai ne aka ɗauko daga wani gari na Ingila, aka ba ka bindiga da sule ɗaya a rana, aka tsallaka da kai Faransa yaƙi da Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Layin ramukan nan ya taso ne tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, kusan kilomita 700, amma kai ba ruwanka da wannan lissafin, naka ɗan lungu ne mai lanƙwasa da ba ka ganin gabanka sosai. Da gangan ake haƙa shi a karkace, don in harsashin igwa ya faɗo ciki kar ya share kowa lokaci ɗaya.

Abu na farko, kanka. Kar ka leƙa. Sabon zuwa kullum sai ransa ya raya masa ya ɗan ga yadda Jamusawa suke, to su kuma maharbansu na can sun saita bindiga a daidai inda buhunan yashi suka yi ƙasa, suna jiran irinka. In dole sai an duba akwai madubin leƙe da ake ɗagawa sama kai kana ƙasa. Hular kwano ma ka sa ta, duk da sai wajen 1916 ta wadata, kafin nan da hular yadi mutane suke shiga, kuma ka sani an yi ta ne don ɓaraguzan ƙarfe masu zubowa daga sama, harsashin bindiga daga kusa fasa ta yake.

Tun kafin gari ya waye saja zai bi yana tada kowa, a hau ɗan matakin da ke jikin ramin, wuƙa a bakin bindiga, a tsaya kamar awa guda saboda lokacin ne aka fi kawo hari. Da magariba ma haka. In an sauka sai a raba ɗan ram, giyar da ake ba su don sanyi, a goge bindiga ofisa ya duba, sannan karin kumallo. Abincin ba wani na a zo a gani ba ne, naman gwangwani, shayi, jam, da biskit mai taurin da in ba ka jiƙa shi a shayi ba haƙori zai tafi. Ruwan kuma a galan ɗin fetur ake kawo shi, don haka shayinka da warin fetur za ka sha, ka haƙura kawai.

Yanzu ƙafa, nan ne zan daɗe don nan ne mutane suke sakaci. Ƙasar Flanders, yankin Beljiyam da arewacin Faransa, ruwa na kusa, kana haƙa kaɗan ya ɓullo, ga ruwan sama ga laka, sai mutum ya kwana ya wuni a tsaye cikin ruwan sanyi da takalmi ɗaure tam. Da farko ƙafar za ta yi sanyi ka daina jin ta, kai kuma ka ce ai ba komai tunda ba ciwo, alhali nan ne matsalar, daga nan ta kumbura ta canza launi, in ta ruɓe sai dai likita ya yanke yatsu ko ƙafar gaba ɗaya. Lokacin sanyin 1914 zuwa 1915 dubbai aka kwashe saboda wannan kaɗai ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Maganin ba wuya sai dai naci: kullum ka cire takalmi, ka goge ƙafa ta bushe, ka murza man kifin teku da ake rabawa, ka sa busasshiyar safa, wadda ka cire kuma ka cusa ta cikin riga jikinka ya busar da ita. Har haɗa su ake bibbiyu, kai ka duba ƙafar abokinka shi ya duba taka, don an gane mutum in ya gaji ba zai kula da tasa ba amma kunyar abokinsa za ta sa ya yi. Ofisa ma in ƙafafun yaransa suka lalace shi ake tuhuma.

Ƙwarƙwata kuwa kar ma ka sa rai za ka rabu da ita. Kunna kyandir ka bi ɗinkin rigar da harshen wutar kana jin suna fashewa, kwana biyu ƙwai ya sake ƙyanƙyashewa. Ita ce ke yaɗa zazzaɓin rami, amma sai 1918 aka tabbatar da haka. Ɓeraye kuma sun ƙoshi da gawa sun zama kamar kyanwa, ka rataye abincinka, in za ka kwanta ka rufe fuska.

Da rana ka saci barci duk inda ka samu don dare ne lokacin aiki, ɗauko abinci daga baya, cika buhunan yashi, gyara waya mai ƙaya a filin da ke tsakaninku da su. In suka harba wutar haske kana waje kar ka gudu, ka daskare ko ka kwanta, motsi ake gani. In kai ne mai gadi kuma, dan Allah ko tsunkulin kanka ne ka yi, barci a bakin gadi laifi ne da hukuncinsa zai iya kai kisa. Takunkumin gas kuma kar ya bar jikinka, tun Afrilun 1915 da aka saki iskar guba ta kulorin a Ypres ta Beljiyam ba wanda ke wasa da shi, kana jin an buga ƙararrawa ka sa, tambaya daga baya.

Abin da finafinai ba sa nunawa shi ne ba a dawwama a ramin gaba. Kwana huɗu zuwa shida galibi, sai a maida ku na baya, sai hutu inda za a yi wanka a karɓi wasiƙa. Wasiƙar da za ka rubuta kuma ofisanka sai ya karanta, kar ka sa sunan wuri.

To duk ka kiyaye wannan, igwa ba ta san mai kiyayewa ba, ita ta fi kashe mutane a yaƙin nan fiye da komai. Sannan ga ranar da za a busa usur a ce a fita daga rami a kai hari. Ranar 1 ga Yulin 1916 a yankin Somme na Faransa, sojan Birtaniya 57,470 ne aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, 19,240 daga ciki matattu, a wuni ɗaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne tsarin da aka yi na haɗa 'yan gari ɗaya a bataliya ɗaya don a ja hankalin matasa su shiga da abokansu, gwanin daɗi a takarda, amma 'yan garin Accrington na Ingila kusan 720 suka fita ran nan, 584 suka faɗi, ka ga kenan layi guda gida bayan gida ana makoki. In an fita umarnin shi ne ba a tsayawa ɗaukar wanda ya faɗi ko ɗan uwanka ne, akwai masu ɗauka a baya, kai dai ka san inda bandejin da aka ɗinka a cikin rigarka yake, shi za ka fara ɗaure kanka da shi in ka samu ramin bam ka faɗa.

Sai alamar suna da ke wuyanka. Daga 1916 guda biyu ake bayarwa, ja da kore, in mutum ya mutu a cire jar a kai ofis don a rubuta wa iyalinsa, koren a bar shi a jikin gawar saboda masu binnewa. Kar ka cire su ko wajen wanka, kar ka ba wani ajiya. A wurin tunawa na Thiepval da ke Faransa akwai sunaye sama da 72,000 a jikin bango na waɗanda suka mutu a Somme ba a san kabarinsu ba, a Ƙofar Menin da ke Ypres kuma sama da 54,000.