Abin Dubawa Kafin Sayen Kwamfutar Cinya Mai Babbar Fuska

Ana auna fuskar kwamfuta ne daga kusurwa zuwa kusurwa, saboda haka mai inci 17.3 tana kai santimita 44, mai inci 15.6 kuwa kusan 40. Sai dai girman fuska daban, tsabtar hoto daban, kuma a nan ne mai saye yake saurin ruɗuwa. Akwai masu inci 17.3 masu araha waɗanda ɗigon fuskarsu bai wuce 1600 x 900 ba, wato abin da suke nunawa bai kai na ƙarama mai 1920 x 1080 ba. Ka sa mai shago ya buɗe saitin fuska ka ga lambar da idonka, sannan ka buɗe farin shafi ka nemi tabo ko layi, ka kuma kalle ta daga gefe. Idan launi ya dusashe da zarar ka karkata kai, ba irin IPS ba ce, wato fuskar da launinta ba ya canzawa ko daga gefe, kuma za ta gajiyar da wanda yake yini a kan lissafi ko zane.

Batun wuta ya fi komai nauyi a Damagaram. Babbar fuska ta fi cin batir, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Idan ta hannu ce, a rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wurin rubuta umarni na Windows, za a ga ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. A duba caja ma, domin mai wat 65 ƙaramar sola za ta iya ɗaukarta, amma manyan na wasanni masu wat 180 sai gidan da ya shirya.

Nauyin mai inci 17.3 yakan kai kilo 2.5, wanda ba wasa ba ne ga ɗalibin da ke hawan kabu-kabu zuwa Jami'ar André Salifou kullum. A ganina, irin wannan ya ɗauki mai inci 14 ya fi masa.

Waɗanda ake shigo da su ta Kano galibi madannansu QWERTY ne, wato jerin haruffa irin na Ingilishi, alhali mai rubutun Faransanci ya saba da jerin AZERTY. Kada kuma a karɓi wadda ba ta ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.